Yadda Ake Tantance Tayin Aiki a Abuja Kafin a Sa Hannu

Wanda ya daɗe yana zaga ofisoshin Abuja da takardunsa a hammata, ranar da aka kira shi ya zo ya karɓi takardar ɗaukar aiki ba kasafai yake tsayawa ya yi nazari ba, domin murna da gajiyar jira sun riga sun yanke masa hukunci. Alhali kwanakin nan kaɗan da ke tsakanin karɓar takarda da sa hannu a kanta su ne lokacin da mai neman aiki yake da bakin yin tambaya a saurare shi, ya nemi a gyara wani sharaɗi, ko ya ce ya gode ya wuce ba tare da ya rasa komai ba. Da zarar ya sa hannu ya zama ɗan gida, kuma duk abin da bai tambaya ba sai dai ya gan shi a aikace. Bayanin da ke biye zai amfani wanda ya sami tayi ɗaya yana shakkar karɓa, da wanda ya sami biyu yana neman ya zaɓa, da kuma wanda yake da aiki a hannu ana kiransa zuwa wani.

Ka fara tabbatar da cewa aikin yana nan

A wannan gari sayar da gurbin aikin da babu shi ya zama sana'ar wasu, don haka kada ka tsallake wannan mataki ko da wanda ya kawo maka labarin ɗan uwanka ne, domin shi ma ana iya yaudararsa. Babbar alama ita ce neman kuɗi: kuɗin fom, kuɗin gwajin lafiya da za a tura zuwa asusun wani mutum, kuɗin shigar da suna, ko alkawarin ba da albashin watannin farko ga wanda ya yi hanya. A 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya zauna yana binciken cinikin guraben aiki a hukumomin tarayya, kuma ofishin shugabar ma'aikatan tarayya ya bayyana cewa an gano mutum fiye da dubu suna aiki da takardun jabu. Wanda ya sayi irin wannan takarda ya yi asarar kuɗinsa, ya yi asarar shekarun da ya shafe a kujerar, sannan ga tuhuma tana jiransa.

Idan kamfani ne mai zaman kansa, ka shiga shafin intanet na Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, ka rubuta sunansa a wurin bincike. Za ka ga ko yana da rajista, da lambarsa, da shekarar da aka yi masa rajistar. Ka gwada sunan da ka gani da wanda ke saman takardar da aka ba ka harafi da harafi, domin 'yan damfara sukan ari sunan sanannen kamfani su canza kalma ɗaya. Idan ta hannun kamfanin samar da ma'aikata aka neme ka, ka tambayi lasisinsu na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Bayan haka ka taka da ƙafarka ka je adireshin da rana tsaka, ka ga ko akwai allon suna da mutane suna shige da fice. Ganawar da aka ce a yi ta a ɗakin otal ko a wani gida a bayan gari abin gudu ce, musamman ga mata, kuma ko ina za ka je ka sanar da wani na gida wurin da lokacin.

Ka nemi komai a rubuce, ka kuma karanta shi a gida

Alkawarin baki a ɗakin ganawa yana tafiya tare da wanda ya yi shi ranar da aka canza masa wurin aiki. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa, amma kai kada ka jira wata ukun: ka nemi cikakkiyar takarda kafin ka amsa, ka roƙi a ba ka kwana biyu zuwa biyar ka duba. Wurin da ya ce dole sai ka sa hannu nan take a gaban tebur ya riga ya nuna maka yadda zai riƙa tafiyar da kai.

Ga abubuwan da za ka nema a cikinta. Sunan muƙamin da ainihin aikin da ke ƙarƙashinsa, domin akwai wanda aka ɗauka da sunan jami'in hulɗa da jama'a ya wayi gari yana yawon neman kwastomomi a rana da adadin da dole ya cika kowane wata. Sannan sunan wanda ya ɗauke ka, wanda a bankuna da kamfanonin sadarwa sau da yawa ba shi ne mai ginin da za ka zauna a ciki ba, wani kamfani ne na daban da aka ba kwangilar kawo ma'aikata. Sannan tsawon lokacin gwaji, da abin da za a biya ka a cikinsa, da wanda zai tabbatar da kai idan ya ƙare. A kamfanoni yawanci wata uku zuwa shida ne, kuma akwai wuraren da ake barin mutum shekara da shekaru ba a tabbatar da shi ba don kada a biya shi wasu haƙƙoƙi.

Ka duba lokacin shiga da na tashi, da ko ana zuwa ranar Asabar, da ko ana biyan kuɗin ƙarin lokaci. Ka duba hutu. Mafi ƙarancin da doka ta tanada shi ne kwana 6 na aiki a shekara da cikakken albashi bayan wata 12, da hutun rashin lafiya har kwana 12 idan likita ya tabbatar, da hutun haihuwa na mako 12 da aƙalla rabin albashi ga wadda ta yi wata shida tana aiki. Wurare masu mutunci suna ba da fiye da haka nesa ba kusa ba, kuma a aikin gwamnatin tarayya hutun haihuwa ba ya gaza mako 16, maza ma an amince musu da kwana 14 tun 2021. Sai dai ka sani cewa wannan doka ta fi shafar masu aikin ƙarfi da ƙananan ma'aikatan ofis. Manajoji da ƙwararru irin su injiniya da akanta, abin da aka rubuta a takardarsu shi ne madogararsu idan rigima ta kai Kotun Ɗa'ar Ma'aikata, shi ya sa kowane layi yake da nauyi.

Akwai sharuɗɗa huɗu da ake ɓoyewa a shafukan ƙarshe inda ido ya riga ya gaji. Na ɗaya shi ne wa'adin sanarwar rabuwa: ka tabbata daidai yake ga ɓangarorin biyu, kada a ce kai sai ka ba da wata uku su kuma mako ɗaya ya ishe su. Na biyu shi ne sharaɗin horo, inda za a ce idan ka tafi kafin shekara kaza sai ka biya miliyan kaza. Ka tambayi wane horo ne, nawa aka kashe a kansa, kuma ko bashin yana raguwa da tafiyar lokaci. Na uku shi ne canjin wurin aiki zuwa kowace jiha. Wannan ba barazanar banza ba ce, domin a farkon 2024 Babban Bankin Najeriya ya mayar da wasu sassansa Legas, hukumar filayen jiragen sama ta FAAN ma ta mayar da hedikwatarta can, kuma ma'aikata da yawa masu iyali a Abuja sun sami kansu cikin tsaka mai wuya. Na huɗu shi ne neman a riƙe takardunka na asali, na makaranta ko na bautar ƙasa. Ka nuna su a gani, ka ba da kwafi, ka koma gida da abinka.

Lissafin abin da zai rage a hannu

Nan ne mafi yawan mutane suke faɗawa, domin adadin da aka rubuta da manyan lambobi a shafin farko jimilla ce kafin a cire komai, wani lokaci ma ta shekara ce an haɗa da kyautar ƙarshen shekara da ba a tabbatar da ita ba. Ka nemi ofishin kula da ma'aikata ya rubuta maka rabe-raben albashin: nawa ne tushe, nawa ne na gida, nawa ne na sufuri, nawa ne sauran alawus, sannan nawa ne zai faɗo a asusunka a ƙarshen wata. Idan an ce wani kaso ya dogara ga ƙoƙarinka ko ga ribar kamfani, ka ajiye shi gefe, ka yi lissafinka kamar babu shi.

Abu biyu ne manya da ake cirewa. Na farko fansho, kashi 8 cikin ɗari na jimillar tushen albashi da kuɗin gida da na sufuri. Na biyu haraji. A sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025, wadda ta fara aiki a Janairun 2026, naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu, naira miliyan 2.2 da ke biye ana cire kashi 15, daga nan zuwa miliyan 12 kashi 18, yana hawa har kashi 25 ga masu manyan albashi. Mai zaman haya yana iya neman sassauci na kashi 20 na kuɗin hayarsa na shekara, iyakarsa naira 500,000, idan ya gabatar da shaida.

A ɗauka, don misali kawai, mutum yana zaune a Kubwa, ya sami tayi biyu. Na farko a Asokoro, naira 300,000 a wata. Na biyu a Gwarinpa, naira 240,000. A ce a duka biyun kashi 80 na albashin ne ake lissafa wa fansho. Na Asokoro za a cire masa 19,200 na fansho da kimanin 33,000 na haraji, ya rage kusan 248,000. Na Gwarinpa za a cire 15,360 da kimanin 23,700, ya rage kusan 201,000. Tun a nan bambancin 60,000 ya sauko zuwa 47,000. Yanzu a ce zuwa Asokoro da dawowa yana cin naira 3,000 a rana saboda sai an canza mota biyu ko uku, zuwa Gwarinpa kuma 1,000. A kwana 22 na aiki, ɗaya ya ci 66,000, ɗaya 22,000. Abin da ya rage a hannun na farko 182,000, na biyu 179,000. Ashe duk bambancin da ya sa zuciya ta karkata bai wuce naira 3,000 ba, ba a kuma yi maganar sa'o'in da za a ƙarar a hanya ba. Kai ka sa naka lambobin na gaskiya a gurbin waɗannan, na ranar da kake lissafin, domin tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota bai zauna wuri ɗaya ba.

Hanya tana da nata lissafin da ba na kuɗi ba. Duk wanda ya taɓa biyo titin Mararaba da Nyanya zuwa AYA da safiyar Litinin, ko ya nufi Lugbe ko Zuba da magariba, ya san cewa nisan da taswira ta nuna ba shi ne nisan ba. Shawarata ita ce kafin ka amsa ka gwada tafiyar sau ɗaya a ranar aiki, ka fita daga gida a lokacin da za ka riƙa fita, ka dawo a lokacin da za a riƙa tashi, ka duba agogo. Sa'a uku a hanya kullum sa'a 66 ce a wata, wato fiye da mako guda na aiki da babu mai biyanka. Ka kuma lura da lokacin tashi saboda tsaro: wanda zai riƙa barin ofis bayan isha'i ya tsaya a bakin titi yana tare motar da bai sani ba yana cikin haɗarin 'yan fashin nan da ake kira wan-cans. Wurin da yake da motar ma'aikata ya ba ka abin da ya fi ƙarin naira dubu ashirin ko talatin daraja.

Idan aikin zai sa ka tashi daga gidan da kake, ka haɗa da kuɗin haya, wanda a Abuja na shekara guda ake biya gaba ɗaya, wani mai gidan ma ya ce biyu, ga kuɗin dillali da na lauya da na ajiya saboda ɓarna. Wanda ake kira daga Jos ko Kaduna ko Zariya da albashin da ya ninka nasa ya fara tambayar kuɗin ɗaki da falo a unguwar da zai iya zama, da kuɗin makarantar yara, da kuɗin ruwa a inda sai an saya daga 'yan ga-ruwa. Sau da yawa ninkin yana narkewa kafin a kai ƙarshen shafi. Ka sani kuma, mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun watan Yulin 2024, amma bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, don haka ƙananan makarantu da shaguna da yawa suna biyan ƙasa da haka.

Haƙƙoƙin da ba a gani a ƙarshen wata

Dokar fansho ta 2014 ta ce bayan kashi 8 naka, mai ɗaukar aiki zai ƙara aƙalla kashi 10 daga aljihunsa, ya tura duka zuwa asusunka na ritaya cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Dokar ta ambaci kamfanonin da ke da ma'aikata 15 zuwa sama ƙarara. Ta kuma wajabta inshorar rai ga kowane ma'aikaci, wadda idan ya rasu yana bakin aiki za a ba magadansa aƙalla ninki uku na albashinsa na shekara. Matsalar da aka fi samu ita ce a cire kuɗin daga albashi a rubuta a takarda, amma kada a tura. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: ka tambayi wani ma'aikacin wurin ko saƙon shigar fansho yana zuwa wayarsa kowane wata. Kana iya kuma tambayar ko kamfanin yana da takardar shaidar cika ƙa'ida daga hukumar kula da fansho ta ƙasa, wato PenCom, takardar da ake sabuntawa duk shekara.

Haka harajin ma. A ƙa'ida ana tura shi ne ga jihar da kake zaune, ba inda ofis yake ba: mazaunin Kubwa ko Lugbe nasa na hukumar haraji ta Babban Birnin Tarayya ne, na Mararaba da Masaka na Nasarawa, na Suleja da Madalla na Neja. Ranar da ka nemi takardar shaidar biyan haraji don neman fili ko wata buƙata, a nan za ka san ko an riƙa turawa.

Inshorar lafiya ta zama wajibi a dokar 2022, amma jin cewa akwai ta bai wadatar ba. Ka tambayi sunan kamfanin inshorar, da asibitocin da aka yarda ka je, da ko akwai na kusa da gidanka, da ko ta haɗa da mata da 'ya'ya da guda nawa, da ko tana ɗaukar haihuwa da tiyata. Mai iyali ya san cewa tiyatar haihuwa guda ɗaya a asibitin kuɗi tana iya cinye bambancin albashin shekara.

Wane irin wuri ne

Aikin gwamnatin tarayya yana da kwanciyar hankalin da babu irinsa: ana ritaya a shekara 60 da haihuwa ko 35 da aiki, ba a korar mutum da ka, ƙarin girma yana da lokacinsa, wato duk shekara uku daga mataki na 7 zuwa na 14 idan an ci jarrabawa kuma akwai gurbi. Mai digiri yana farawa a mataki na 8, yana kuma yin shekara biyu kafin a tabbatar da shi. Amma albashin ma'aikatu da ke Sakatariyar Tarayya ya sha bamban da na wasu hukumomi masu tsarin albashinsu na kansu, kuma ba abin mamaki ba ne sabon ma'aikaci ya yi watanni kafin a shigar da shi IPPIS, wato tsarin biyan albashi na gwamnatin tarayya, albashi ya fara zuwa. Wanda zai bar wani aiki ya shiga nan ya tanadi abin da zai riƙe shi.

Ƙungiyoyin agaji da na raya ƙasa, waɗanda suka cika Maitama da Jabi da Utako, suna biya da kyau, amma aikinsu na wa'adi ne, yana rayuwa ne da kuɗin mai ba da tallafi. A Janairun 2025 da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, ta kuma rushe hukumarta ta ba da agaji, wato USAID, daga baya, ma'aikata da yawa a Najeriya sun rasa aikinsu cikin 'yan makonni. Don haka tambayarka a nan ita ce: wane ne yake ba da kuɗin wannan shiri, yaushe zai ƙare, kuma an riga an sa hannu a kan kuɗin ko ana jira ne?

Aikin kwantaragi ta hannun wani kamfani yana iya zama tsani ga mai farawa, muddin ya shiga ya san cewa yana iya yin aiki ɗaya da na kusa da shi a biya shi rabin abin da ake biyan wancan. Ka tambayi mutum nawa aka mayar na dindindin a shekara biyun da suka wuce. Kamfanin mutum ɗaya kuwa, inda mai shi ne manaja kuma shi ne ma'aji, komai ya rataya ga halinsa, kuma wannan ya kai mu ga matakin da na fi ba muhimmanci bayan lissafi.

Ka binciki mutanen, musamman wanda zai zama shugabanka

Abin da aka faɗa maka a ɗakin ganawa talla ce, gaskiyar wuri tana bakin waɗanda suka zauna a cikinsa. Ka nemi mutum ɗaya da yake aiki a can yanzu da ɗaya da ya bari, ta hanyar abokan karatu, ko masallacin unguwa, ko coci, ko LinkedIn. Kada ka tambaye su ko wurin yana da kyau, domin Bahaushe zai ce maka alhamdu lillahi ko da wuta yake sha. Ka yi tambayar da amsarta lamba ce ko suna: ran nawa ga wata albashi yake shiga, an taɓa haɗa wata biyu ba a biya ba, ƙarfe nawa ake tashi a zahiri, mutum nawa suka riƙe wannan kujera a shekara uku, wanda ya bar ta me ya fitar da shi. Ga wanda ya bari kuma tambaya ɗaya ta isa: “Malam, da za su sake kiranka gobe, za ka koma?” Shirun da zai yi kafin ya amsa ma bayani ne.

Ranar da ka je karɓar takarda ka isa da wuri ka zauna a wurin jira. Ka gaisa da maigadi da direbobi da masinja, domin su ne farkon waɗanda ake jinkirta wa albashi idan kamfani ya fara tangal-tangal, kuma yadda manya suke yi musu magana shi ne yadda za a yi maka bayan wata shida. Ka nemi ganin wanda za ka yi aiki a ƙarƙashinsa kai tsaye idan ba ya cikin masu ganawar, ka tambaye shi me yake son ya ga ka cim ma a wata uku na farko. Shugaban da ya kasa amsa wannan bai san abin da ya ɗauke ka ka yi ba, kuma duk abin da ka yi ba zai gamsar da shi ba. Ga matashi mai farawa, a ganina shugaba mai koyarwa a ƙaramin albashi ya fi babban albashi a wurin da za a shekara uku ana aikensa yin kwafin takardu, domin abin da ya iya shi ne zai sayar a tayi na gaba.

Ka tambayi abin da ya shafi addininka da gidanka tun yanzu, cikin natsuwa, ba tare da jin nauyi ba: ko akwai wurin salla, ko ana ba da lokacin zuwa Juma'a, ko ana aiki ranar Lahadi, ko tufafin aiki sun yarda da hijabi. Ka tabbata kuma ainihin kasuwancin wurin abu ne da zuciyarka ta natsu da shi. Mai shayarwa ta tambayi sassaucin lokaci, ta kuma binciki yadda wurin yake ɗaukar ƙorafin cin zarafi, wanda matan da suka taɓa aiki a can ne kaɗai za su gaya mata gaskiyarsa.

Neman ƙari

Mutanenmu da yawa suna jin kunyar ciniki a kan albashi, suna ganin kamar rashin godiya ne. A kamfanoni da ƙungiyoyi an saba da shi, kuma neman da aka yi cikin ladabi ba ya sa a janye tayi. A aikin gwamnati ne kawai babu ciniki, sai dai ka tabbata an ɗora ka a matakin da takardunka suka cancanta. Ka fara da godiya da nuna cewa kana son aikin, sannan ka kawo dalili da lamba: abin da kake karɓa yanzu, ko abin da hanya za ta ci, ko tayin da ke hannunka idan da gaske akwai shi. Kada ka ƙirƙiro tayin ƙarya, garin ƙarami ne, masu ɗaukar aiki sun san juna. Idan an ce albashin ba ya motsi, ka nemi wani abu a madadinsa: a rage lokacin gwaji, a sake duba albashin bayan wata shida, a saka iyalinka a inshora, ko a yarda ka yi aiki daga gida kwana ɗaya ko biyu a mako. Duk abin da aka amince da shi a sake buga takarda da shi kafin ka sa hannu.

Yanke shawara da sallamar tsohon wuri

Bayan ka tara wannan duka, ka rubuta tayin biyu gefe da gefe a takarda ɗaya, ka ja layi a ƙarƙashin abu biyu ko uku da ba za ka iya haƙura da su ba a halin da kake ciki yanzu, domin buƙatar saurayi mai neman ƙwarewa daban take da ta magidanci mai 'ya'ya biyar. Ka nuna wa mutum ɗaya ko biyu da suka san fagen, ka shawarci iyali tun da su ma za su ɗauki nauyin hanya da na canjin gari, Musulmi ya yi istihara, Kirista ya yi addu'a, sannan ka amsa cikin wa'adin da aka ba ka. Wanda ba shi da komai a hannu kuma tayin bai kai yadda yake so ba yana iya karɓa, matuƙar aikin halal ne kuma ana biya, ya ci gaba da nema yana ciki.

Idan kana da aiki, kada ka yi sakin reshe kama ganye. Ka jira sai takardar da ɓangarorin biyu suka sa wa hannu ta shigo hannunka, an gama gwajin lafiya da binciken masu tsaya maka, an kuma tsayar da ranar farawa, sannan ka rubuta takardar ajiye aiki. Ka cika wa'adin sanarwar da ke cikin tsohuwar yarjejeniyarka ko ka biya kuɗin da ke madadinsa, ka miƙa kayan aiki da rubutaccen bayanin inda ka tsaya, ka karɓi takardar sallama da ta albashinka na ƙarshe. Asusun fanshonka naka ne, ba a buɗe sabo, lambarsa kawai za ka kai wa sabon wurin. Waɗanda ka ƙi tayinsu kuma ka rubuta musu gajeren saƙo na godiya a ranar da ka yanke shawara, don su sami damar kiran na biye da kai a jerin sunayensu.